Silin Auduga: Tarihin Kula da Cututtukan Fata a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Shekarar da na dawo gida daga jami'a, wani tabo ya fito wa ƙanwata a gefen wuya, ya gangara zuwa kafaɗa. Launinsa ya ɗan fi na sauran jikinta haske, faɗinsa kuwa bai wuce tafin hannun yaro ba. Ba ya zafi, ba ya ruwa, sai ɗan ƙaiƙayi idan ta yi zufa. Da a wani lokaci ne ya fito, da ƙila babu wanda zai kula da shi. Amma an riga an sa mata rana bayan kaka, kuma wata daga cikin dangin mijin ta hango shi a gidan suna, sa'ad da mayafi ya zame. Kafin mako ya zagayo, kalmar da kowa ya ƙi furtawa a gidanmu ta riga ta karaɗe unguwa, wato kuturta.

Ni ne na fara zuwa kemis. Aka ba ni wani man shafawa da aka ce yana kashe kowace irin cutar fata. Bayan mako biyu wurin ya ƙara haske, hankalin gida ya ƙara tashi, kakarmu ta rage cin abinci. Ita ce ta ce in je in kira wani tsoho da ke bayan layinmu a Funtuwa. Na taso ina ganinsa zaune a gindin darbejiya da ɗan faifan goronsa, ban taɓa sanin cewa a ƙuruciyarsa malamin asibitin kutare ba ne, mai zaga ƙauyuka da keke.

Da ya zo, ya ce a fito tsakar gida inda rana take. Ya nemi a ba shi auduga, ya murza ɗan sili. Ya fara taɓa mata hannu da shi tana kallo, har ta gane abin da yake nufi. Sannan ya ce, "Rufe idonki, jikata. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna mini da yatsa." Ya taɓa gefen tabon, ta nuna. Ya taɓa tsakiyarsa, ta nuna. Ya maimaita sau da yawa, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta da ta gefen wuya, ya tambaye ta ko tana jin zafi. Daga ƙarshe ya ɗan kankari tabon da farce, wani gari mai kama da dusa ya tashi. Ya dubi kakarmu ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ƙyasbi ne. Amma ku kai ta asibiti a ƙara dubawa, ku kuma rabu da man nan."

A asibiti an gaya mana abin da ya faɗa. Tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai: daga ina tsohon nan ya samo wannan ido, kuma me ya sa a duk faɗin unguwarmu shi kaɗai yake da shi? Neman amsarta ne ya kai ni ga tarihin da zan bayar a nan.

Kafin zuwan asibiti

Bahaushe ya daɗe yana lura da fatarsa, kuma shaidar haka tana cikin harshensa. Muna da ƙazuwa da makero da ƙyasbi da kirci. Muna da maruru da gyambo da faso. Muna da agana da ƙyanda da ƙarambau. Al'ummar da ta raba waɗannan sunaye daki-daki ta yi dogon kallo kafin ta raɗa su. A ƙasar noma irin tamu, kowane yanayi da irin abin da yake kawowa. Hunturu yana busar da jiki ya tsaga dugadugai, bazara tana feso ƙurajen zafi, damina tana jiƙa tsakanin yatsun ƙafar mai noman fadama har su ruɓe, ƙaramin yankan lauje ya zama gyambo. Da kaka kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu sussuka da shiƙa ya san dalilin da ya sa kalma ɗaya ta wadatar wa ƙaiƙayin hatsi da ƙaiƙayin jiki.

Masu kula da waɗannan larurori su ne wanzamai da masu maganin gargajiya da malamai da tsofaffin mata. Wanzami yana aski, yana ƙaho, yana farke maruru. Tsohuwa tana da man kaɗanya da sabulun salo da lalle. Malamai suna da littattafan ɗibbu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani a ƙarni na 19. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi suna da amfanin da har yau ba a musa ba. Man kaɗanya, alal misali, yana cikin mafi kyawun abin da ake shafa wa busasshiyar fata.

Inda wannan ilimi ya tsaya shi ne kuturta. An san ta idan ta nuna, wato idan yatsu sun fara guntulewa, fuska ta sauya, amma babu abin da ke tsayar da ita. Saboda haka al'umma ta yi wa masu ita wani matsayi: ana ba su sadaka, suna da unguwarsu, a manyan garuruwa har da Sarkin Kutare, amma ana ƙyamar haɗa zuri'a da su. Karin maganar nan ta kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, tana ba da dariya ne kawai saboda kowa ya san cewa a al'ada ba a son hannunsa ya shiga kwanon. Wannan tsohon tsoro ne ya shigo gidanmu a kan tabon ƙanwata.

Daga Babbar Ruga zuwa gindin bishiya

A 1873 wani likita ɗan ƙasar Norway, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa kuturta. Hakan ya nuna cewa cutar ba gado ba ce, amma magani bai samu ba sai bayan kusan shekara 70. A tsakanin nan, abin da hukumomi suka sani shi ne keɓe masu cutar. A Lardin Katsina, wurin da aka tanada shi ne Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 'yan mishan na SIM suka karɓi gudanar da wurin bisa yarjejeniya da hukuma, kamar yadda suka karɓi irinsa a lardunan Kano da Sakkwato. Maganin lokacin shi ne allurar wani mai da ake samu daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya. Allura ce mai zafi, ana yin ta shekara da shekaru, kuma amfaninta kaɗan ne.

Ga manomin Maska ko Ƙafur ko Bakori, zuwa Babbar Ruga yana nufin barin gona da iyali zuwa wani lokaci da ba a san ƙarshensa ba. A daidai wannan zamani ƙasarmu tana bunƙasa da noman auduga. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau akwai unguwar da ke amsa sunansa a Funtuwa, kuma layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Wane magidanci ne zai bar wannan ya tafi zaman jinya? Yawancin masu cutar sai suka ɓoye ta cikin riga, har ta ci jijiya.

Canji ya zo daga kudu maso gabashin Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1940, a asibitin kutare na Uzuakoli, likita John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson, idan aka sha ta kaɗan-kaɗan, tana kashe cutar ba tare da ta cutar da mai shan ta ba. Ƙwaya ce mai araha, ba ta bukatar allura ko gadon asibiti. A farkon shekarun 1950, likita C. M. Ross, wanda ya jagoranci yaƙi da kuturta a Jihar Arewa, ya gina aikinsa a kan wannan sauƙi. Maimakon a kwaso majinyata zuwa sansani, sai aka buɗe ɗaruruwan wuraren raba magani a gundumomi, wani a ɗakin shan magani na En'e, wani a rumfar kasuwa, wani a gindin bishiya, ana haɗuwa mako-mako. Likitoci ba su isa wannan aiki ba, don haka aka ɗauki samari masu ɗan ilimin boko, aka koya musu abubuwa ƙalilan amma aka koya musu su sosai: yadda za su duba jiki a hasken rana, yadda za su gwada tabo da silin auduga, yadda za su lalubi jijiya, yadda za su wanke gyambon tafin ƙafa, da yadda za su riƙe rajista.

Hikimar silin auduga tana cikin ɗabi'ar cutar. Ƙwayar kuturta tana kama fata da jijiyoyin ji, don haka tabonta yakan mutu, mai shi ba ya jin taɓawa mai sauƙi a wurin. Tabon ƙyasbi da na makero kuwa suna ji sarai. Gwajin ba ya kama kowane nau'i, shi ya sa ake haɗa shi da lalubar jijiya, wani lokaci da gwajin ɗakin bincike. Amma wanda zai gane tabo ɗaya na kuturta dole ya kalli tabo ɗari da ba ita ba. Ta haka waɗannan malaman asibiti suka zama masana ƙazuwa da makero da kirci, ko da yake ba don su aka ɗauke su aiki ba. A ganina, su ne likitocin fata na farko da ƙauyukanmu suka sani, kuma tsohon unguwarmu yana cikin waɗanda suka gaji wannan tsari.

Nasarori uku da darasi ɗaya

Cututtuka uku da ke bayyana a fata an karya lagonsu a idon iyayenmu. Ta farko ita ce agana, wadda zanenta ya rage a fuskokin wasu tsofaffi. A 1967 aka fara gangamin rigakafinta a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka, ana bin gari-gari da bindigar allura. Zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Ta biyu ita ce kurkunu, mai kwantar da manomi a tsakiyar damina. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta sami fiye da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya. Da matatar ruwa ta ƙyalle da rijiyoyin burtsatse da 'yan sa-kai na ƙauye masu kai rahoto duk wata, aka kai ga mai ita na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013.

Ta uku ita ce kuturta kanta. Da ƙwayar cutar ta fara bijire wa dafson, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa shi da wasu magunguna biyu, rifamfisin da kilofazimin. Da wannan haɗi ana warkewa cikin wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a ko'ina a duniya. A 1998 Nijeriya ta sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 10,000, ma'aunin da ake cewa cutar ta daina zama babbar barazana ga jama'a.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da aka samu ta hanyar zama a babban asibiti ana jiran majinyaci. Duk an same su ne da aka koya wa mutumin ƙauye abin da zai duba, aka ba shi abin da zai bayar, aka kuma riƙa zuwa ana bin sawun aikinsa.

A wannan zamani ne kuma ilimin likitanci na jami'a ya matso kusa da mu. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyon likitanci ya biyo baya a 1967, kuma asibitin Malumfashi ya kasance ɗaya daga cikin asibitocin koyarwarta tare da na Zariya da na Kaduna. A shekarun 1970 jami'ar ta haɗa gwiwa da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila, aka gudanar da babban bincike a ƙasar Malumfashi a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da saran maciji, sunan garin ya shiga mujallun likitanci na duniya. A Zariya, a 1973, H. C. Whittle da abokan aikinsa suka buga wani bincike da ya kamata kowace uwa ta san da shi. Sun nuna alaƙar da ke tsakanin ƙazuwa da ciwon ƙoda: yaro yana susa, fata ta fashe, wata ƙwayar cuta ta shiga ta yi mugunya, bayan 'yan makonni fuska da ƙafafu su kumbura, fitsari ya sauya launi. Ke nan cutar da muke ɗauka abin tsokana ce tana iya taɓa ƙoda.

Doguwar hanyar likitan fata

Wanda ake kira likitan fata a yau ya sha doguwar tafiya. Shekara 6 a makarantar likitanci, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara guda ta hidimar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a asibitin koyarwa, inda zai fara da cututtukan cikin jiki kafin ya keɓanta da fata, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Dalilin farawa da cikin jiki shi ne fata takan tona asirin abin da ke ɓoye: ciwon sukari, ciwon hanta, cutar ƙanjamau da rashin jituwa da wani magani duk sukan fara nuna kansu a kanta. Jiki magayi, in ji Hausawa.

Ɗaliban adabi sun san ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni a Nijeriya ta wata fuska. Farfesa Anezi Okoro, marubucin littafin nan na 'yan makaranta One Week, One Trouble, ya yi aikin likitan fata a Enugu, kuma bincikensa na 1975 a kan zabiya ya nuna irin ɓarnar da rana take yi wa fatarsu, har ta kai ga ciwon daji. A Arewa, rahoton likita E. Fekete na 1978 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa cututtukan da ƙwayoyin cuta ke kawowa su ne suka fi yawa a cikin masu zuwa asibitin fata. Bayan kusan shekara 30, a 2007, likita Husain Yahya ya sake duba lamarin a Kaduna, ya tarar cewa dangin kirci sun hau gaba. Sai dai waɗannan rahotanni suna ba da labarin waɗanda suka iya kai kansu asibitin birni ne. Yaron da ke susa a wani ƙauyen Ɗandume ba ya cikin lissafin.

Ƙwararrun likitocin fata a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane. Daga Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Shika tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba, amma ga manomin da zai biya kuɗin mota na mutum biyu, ya bar gona, ya jira layi, tafiya ce mai nisa ƙwarai a kan abin da ba ya ganin zai kashe shi. A ɗaya gefen kuma, tun daga 1989 aka haɗa yaƙi da kuturta da na tarin fuka a shiri ɗaya, aka mai da tsohon asibitin kutare na Saye, kusa da Zariya, cibiyar horar da ma'aikatan cututtukan biyu. Da kuturta ta ragu, hankali da kuɗi suka karkata ga tarin fuka, wanda ya fi kisa. Tsofaffin malaman asibiti suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Mun yi murnar tafiyar cutar, ba mu lura cewa masu idon gane ta suna bin bayanta ba. Alhali kuwa har yanzu ana samun kimanin mutum 2,000 sababbin kamuwa a Nijeriya kowace shekara, kuma da yawa ba a gano su sai jijiya ta lalace.

Abin da ya rage a hannun kemis

Cututtukan da suka fi damun gidajenmu a yau ba su da wuyar magani. Ƙazuwa wani mitsitsin ƙwaro ne da ke haƙa rami a cikin fata, musamman tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Tana bin cunkoso, shi ya sa take yawa a makarantun kwana da tsangayu da ɗakunan da iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suke kwana a cushe. Sirrin maganinta shi ne a yi wa duk 'yan ɗaki a rana ɗaya, masu susa da marasa susa, a shafe jiki daga wuya zuwa ƙafa, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. In aka yi wa mutum ɗaya, bayan wata guda za ta dawo. Makeron kai cuta ce dangin fumfuna, tana shiga cikin saiwar gashi inda man shafawa ba ya kaiwa, don haka sai an sha magani na makonni. Askar aski da hula da mataji su ne ke yaɗa ta tsakanin yara. Ƙyasbi kuwa wata ƙwaya ce da ke zaune a fatar kowa, zafi da zufa ke sa ta yi yawa. Ana kashe ta da sabulun ruwa na musamman, amma launin fata ba ya dawowa sai bayan watanni, abin da ke sa mutane su ɗauka maganin bai yi ba.

Wannan bayani bai cika shafi guda ba, amma rashinsa ne ya buɗe kasuwar man shafawa mai haɗe-haɗe. Yawancin irin wannan mai yana ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, mai saye ya ji daɗi, amma yana raunana garkuwar fata, fumfuna ta ƙara yaɗuwa, fata ta yi siriri ta yi haske, kamannin cutar su rikice har likita ya sha wuyar gane ta. Irin sinadarin nan ne kuma ake samu a cikin mayukan bilicin da dama. Ban ga laifin yaron kemis shi kaɗai ba. Ya sayar mini da abin da na je nema, wato saurin kwanciyar hankali, kuma babu wanda ya taɓa koya masa abin da aka koya wa tsohon unguwarmu.

Masanin halayyar al'umma Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya lura cewa mutane sukan gwada wannan magani su gwada wancan ba tare da sun matsa sai sun san asalin ciwon ba. Shekara 50 bayan haka, kantin magani ya ƙaru a kowane lungu, amma ɗabi'ar tana nan. Bambancin shi ne abin da ake gwadawa yanzu ya fi sassaƙe da saiwa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hanyar da wasu suka bi

Ba mu kaɗai muka shiga wannan hali ba. A ƙasar Mali, a farkon shekarun 2000, likitan fata Antoine Mahé da abokan aikinsa, ciki har da Ousmane Faye, suka ba ma'aikatan ƙananan asibitoci kimanin 400 horon yini ɗaya tak a kan cututtukan fata ƙalilan da suka fi yawa, tare da alamomin farko na kuturta. Da aka koma aka duba aikinsu, an tarar yawan majinyatan da aka yi wa maganin da ya dace ya kusan ninkawa, kuɗin da suke kashewa kuma ya ragu. Tsohuwar cibiyar kutare ta Bamako ita ce ta rikiɗe ta zama asibitin fata. A Moshi ta ƙasar Tanzaniya, tun 1992 akwai cibiyar da ke horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba daga ƙasashen Afirka da dama, su koma gida su kula da fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, a 2022 kuma ta fitar da tsarin da ke kira a riƙa duba cututtukan fata a dunƙule, maimakon kowace da nata ayarin.

Duk wannan, in aka duba da kyau, komawa ne ga abin da aka yi a gindin bishiyoyin ƙasarmu shekara 70 da suka wuce. Saboda haka nake ganin likitan fatar da Funtuwa da Malumfashi ke bukata shi ne wanda zai ɗauki koyarwa rabin aikinsa. Ya zo ko da sau ɗaya a wata, ya tara ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis da wanzamai da malaman tsangaya, ya koya musu cuta biyar da alama uku ta haɗari: tabon da ba ya ji, gyambon da ya ƙi warkewa, da yaron da ya kumbura bayan ƙuraje. Abin da ya fi ƙarfinsu su ɗauki hotonsa da waya, da izinin mai shi, su tura masa. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Jihar Katsina za su iya sa wannan a manhajarsu ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba.

An ɗaura auren ƙanwata bayan kaka kamar yadda aka sa, tabon kuma ya ɓace kafin azumi. Amma akwai abin da ya dame ni daga baya. Ranar da tsohon ya ce ƙyasbi ne, mun yi ta hamdala kamar an tsamo mu daga rijiya. Da na raka shi gida ina ta yi masa godiya, sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, da ita ce ma, wata shida ne ko shekara ta warke sarai, ba ta rasa ko farce ba. Abin da ba na iya warkarwa shi ne bakin mutane." Na san gaskiya ya faɗa. Da tabon bai ji auduga ba, da an fasa auren, kuma da mu kanmu mun ɓoye ta a ɗaki maimakon mu kai ta inda ake ba da magani kyauta. Yawancin mutane jikinsu ba ya ma karɓar wannan cuta, wanda ya fara shan magani kuma ya daina yaɗa ta, amma ni mai digiri ban san haka ba sai a bakin mai sayar da goro.

Allah ya yi wa tsohon rasuwa bara. Ranar sadakar uku na zauna cikin masu karɓar gaisuwa, na ji ana ta ambaton haƙurinsa da riƙon amanarsa, amma ban ji wanda ya ambaci keken ba. Har yanzu ana noman auduga a ƙasarmu, kowane gida ba ya rasa ɗan ƙullinta. In wani tabo ya fito wa wata yarinya a layinmu gobe, ban san ƙofar da kakarta za ta aika a ƙwanƙwasa ba.